Girgizar ƙasa: Ba a san ranarta ba, amma an san abin da ke kisa

Tun bayan girgizar ƙasar da ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta hallaka mutum fiye da 50,000, ake ta yayata labarin wani ɗan ƙasar Holan, Frank Hoogerbeets, wai ya hango ta kwana uku kafin aukuwarta ta hanyar duban jerin taurari. Jama'a suka ɗauka an samu gwani. Alhali mai yawan hasashe dole wata rana ya dace.

Masana sun san inda ɓawon ƙasa ya tsage, inda manyan faifan duwatsu ke gogar juna har su kuɓuce. Suna iya cewa yanki kaza na cikin haɗari nan da shekara talatin. Rana da sa'a kuwa sun gagari kowa. Ko na'urorin gargaɗin Japan 'yan daƙiƙu suke bayarwa bayan girgizar ta soma, gwargwadon a tsayar da jirgin ƙasa, yara su shige ƙarƙashin tebur.

Ba rashin gwadawa ba ne. A Fabrairun 1975 hukumomin China sun fitar da mutanen Haicheng daga gidajensu, saboda ƙananan girgiza sun yi ta zuwa a jere, ruwan rijiyoyi ya sauya, har macizai sun fito daga ramuka cikin tsananin sanyi. Da almuru babbar ta zo, dubban rayuka suka tsira. Aka yi ta murna an gano bakin zaren. A Yulin 1976 sai birnin Tangshan, shi ma a China, ya rushe cikin dare babu wani gargaɗi, aƙalla mutum 240,000 suka mutu. Amurkawa ma sun kafa na'urori a Parkfield suna jiran girgiza kafin 1993, ba ta zo ba sai 2004. Wannan tarihi masu yaɗa jita-jita ba sa kawo shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, surutun taurari ya danne maganar gini. A 2018 gwamnatin Turkiyya ta yafe wa masu gine-ginen da suka saɓa ƙa'ida bayan sun biya kuɗi. Da girgizar 2023 ta zo, benaye ne suka danne mutane suna barci.

Mu ma ƙasa ta motsa a Mpape da ke Abuja a Satumban 2018. Masu ba da izinin gini, ku bar ofis ku je ku duba rodi da siminti da idonku.