Karaya: Gidan Maɗori ko Asibiti?

Idan mutum ya faɗo daga bishiya, ko babur ya kayar da shi ya karye, galibi gidan maɗori muke fara kai shi. Me ya sa?

Da fari, maɗori namu ne. Mun san ubansa, a wurinsa ya gaji ɗori. Yana kusa, asibiti kuwa yana nesa. Na biyu, ba ya tsananta kuɗi. A ba shi abin da ya samu, saura sai an warke. Na uku, shi ne babba, tsoro. Mun ji ana cewa likita yanke ƙafa yake yi.

To, mu duba wannan magana. Ƙashi da kansa yake haɗewa, da ikon Allah. Aikin maɗori da na likita duk ɗaya ne, wato a daidaita ƙashi, a hana shi motsi. Maɗori da kara da tsumma yake yi. Likita yakan ɗauki hoton ƙashin tukuna, sa'an nan ya sa filasta ko ƙarfe. Hannun babba yakan yi kamar mako 6 kafin ya haɗe, ƙafa takan kai wata 3 ko fiye.

Amma wurin karaya yakan kumbura. In ɗauri ya matse, jini ba ya wucewa. Cikin sa'o'i kaɗan nama ya fara mutuwa. In aka yi kwanaki, sai ya ruɓe. A nan ne muke sheƙawa asibiti, likita kuwa ba shi da dabara sai ya yanke, don ya ceci rai. Ashe jinkirinmu ne ya ci ƙafar.

Saboda haka mu lura da yatsun wanda aka ɗora. In sun yi sanyi, ko baƙi, ko ba ya jin su, ko zogi yana ƙaruwa, a sassauta ɗaurin, a tafi asibiti nan take. In ƙashi ya huda fata, kada a tsaya ko'ina, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kuma karayar cinya, da ta baya, da ta wuya.

Tun 1959 akwai asibitin ƙashi a Dala, cikin Kano. Wanda ya je asibiti da wuri, galibi da ƙafarsa yake komawa gona.