Injin Ruwa Ba Ya Mutuwar Fuju'a

Duk ruwan gwamnati da ke fitowa a famfon gida a Kawo, Badarawa, Unguwar Rimi ko Unguwar Sarki, sai da inji ya ɗaga shi aƙalla sau biyu: daga Kogin Kaduna zuwa matatar ruwa ta Malali, sannan daga matatar zuwa manyan tankuna da bututun gari. Matatun biyu da ke Malali, tsohuwa da sabuwa, an tsara su ne su tace lita miliyan 90 da lita miliyan 150 a kullum, amma wannan lissafi yana tabbata ne kawai idan injinan tura ruwan suna da lafiya. Ranar da suka tsaya, unguwa ta koma hannun 'yan ga-ruwa, kuɗin jarka ya tashi, sanarwa ta fito cewa an samu matsala ba zato ba tsammani. Wannan "ba zato" ɗin ne abin dubawa. Irin waɗannan injina da wuya su mutu farat ɗaya. Sukan yi makonni, wani lokaci watanni, suna nuna alamar ciwo, kuma bambancin ma'aikatar da ruwanta ke gudana da wadda nata ke yankewa yana ga ko akwai mai lura da alamun, da mai rubuta su, da mai ikon ɗaukar mataki a kansu.

Injin da ake magana a kai ba shi da sarƙaƙiya. Farfela ce a cikin gidan ƙarfe, ruwa yana shiga ta tsakiyarta, tana juyawa da gudu tana wurga shi gefe, gidan kuma ya tattara shi ya tura cikin bututu da ƙarfi. Farfelar tana kan sandar ƙarfe, sandar tana kan boris, an haɗa ta da sandar moton lantarki, kuma a inda ta fito daga gidan akwai abin da ke hana ruwa tsiyaya. Irinsa ne ke aiki a matatun mai, da masana'antu, da gonakin rani. A wutar Najeriya, babban inji yakan juya kusan sau 1,450 a minti, ƙanana kuma kusan sau 2,900. Wanda ke juya 1,450 ya zarce juyi miliyan 2 a kwana ɗaya. Saboda haka ƙaramin kuskure ba ya zama ƙarami: in sandar moto da ta injin suka saɓa da abin da bai kai rabin milimita ba, boris zai sha wannan jijjiga sau miliyoyi kafin mako ya zagayo.

Alamun kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Tsohon makaniki yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a kan gidan boris, ya kara mariƙin a kunnensa: lafiyayyen boris sautinsa ɗaya ne, sumul, wanda ya fara ci kuwa sai a ji kaushi ko ƙas-ƙas a ciki. Yakan ɗora tafin hannu. In ya kasa barinsa na ɗan lokaci, zafin ya haura digiri 60, sai a nemi dalili. Yakan duba igiyar da aka cusa a bakin sanda don tare ruwa, wadda ƙa'idarta ta riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan, domin ɗigon ne ke sanyaya ta. Sabon hannu in ya ga ɗigon sai ya ɗauko sifana ya ƙara ɗaure notin har ya ƙafe, nan da 'yan kwanaki igiyar ta ƙone ta zaizaye sandar. Akwai kuma ƙarar da ke fitowa kamar ana niƙa tsakuwa a cikin injin. Wannan na faruwa idan ruwan da ke shiga bai wadata ba: ƙarfin matsinsa ya faɗi, ya yi ƙananan kumfa na tururi, kumfar ta fashe a jikin farfela, a hankali ta rarake ƙarfen ya zama rami-rami. Injin zai ci gaba da juyawa, yana shan wuta, amma ruwan da yake turawa yana raguwa.

Yanayin Kaduna yana ƙara wa injin nauyi, kuma kowane lokaci da irin nasa. Da damina kogi yakan yi ja da laka da yashi, yashin ya riƙa goge farfela, ciyayi da leda su toshe ragar bakin bututu. Da rani ruwa yakan ja baya, wanda shi ya sa aka gina madatsar Kangimi a shekarun 1970 don a riƙa sako ruwa cikin kogin, kuma lokacin ne haɗarin waccan kumfa ya fi yawa. Da hunturu ƙura tana shiga giris tana toshe hanyar iskar da ke sanyaya moto. A Maris da Afrilu zafi ya zo da nasa: ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka tsara wa moto yana rage rabin rayuwar rufin wayoyin kwayil. Duk waɗannan abubuwa ne da ake sanin zuwansu tun kafin su zo, don haka ana iya tsara musu jadawali: share raga a kai a kai da damina, lura da zurfin ruwa da rani, busa ƙura da hunturu.

Aikin kulawar kashi biyu ne. Na farko shi ne na jadawali: sa giris gwargwadon da aka ƙayyade, domin yawansa yana ɗumama boris kamar yadda ƙarancinsa ke yi, canza mai, duba notocin gindi, gwada daidaiton sanduna biyun bayan kowane gyara, da tayar da injin ajiya lokaci-lokaci don kada ya daskare a zaune. Na biyu shi ne awon lafiya yayin da injin ke aiki: ƙarfin ruwa a gejin shiga da na fita, wutar da moto ke ja, zafin boris, da girman jijjiga, wadda ake aunawa da ƙaramar na'urar hannu. Awo ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa. Amfanin yana cikin jerin awon, mako bayan mako, a wuri ɗaya, a littafi ɗaya. In jijjigar da ta shekara a tsaye ta ninka cikin wata guda, labari ya fito ko da ba ta kai iyakar da ƙa'ida ta sa ba. Da wannan ne ake sayo boris tun da sauran lokaci, a zaɓi daren da za a tsayar da injin na 'yan sa'o'i, maimakon ya zaɓi ranar da kansa ya tafi da sanda da farfela da kwayil gaba ɗaya.

Wani zai ce abin da ke aiki a ƙyale shi, yawan kwance inji shi ke kashe shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma bincike ya goyi bayan rabinta. A 1978 wasu injiniyoyin kamfanin jiragen sama na United Airlines, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka fitar da rahoto ga Ma'aikatar Tsaron Amurka a kan yadda kayan jirgi ke lalacewa. Sun gano cewa kashi 11 cikin 100 ne kawai lalacewarsu ke bin tsufa, kuma kashi 68 sun fi saurin lalacewa jim kaɗan bayan an sa su sababbi ko an gyara su. Jirgi daban, injin ruwa daban, farfelar da ke shan yashi kuma tana cinyewa da lokaci, amma darasin ya shafi kowane inji: kwancewa don kalanda ta ce a kwance na iya shigo da datti da kuskuren haɗi. Sai dai wannan hujja ce ta a riƙa awo, domin in ba shekaru ne ke nuna ranar mutuwar boris ba, to babu abin da zai nuna ta sai sautinsa da zafinsa da jijjigarsa. Wanda ya ƙyale inji bayan ya auna ya ga lafiya lau, ya yi daidai. Wanda ya ƙyale shi bai auna ba, caca yake yi da ruwan mutane.

Hanzari na biyu shi ne kuɗi: hukumar da mutane da yawa ba sa biyan ta kuɗin ruwa, ina za ta samu na giris da na'urori? Ai talaka ne ya fi kowa buƙatar tattali. Kuɗin sayen inji ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da wutar da zai sha a rayuwarsa. A ɗauki misalin inji mai kilowat 500 da ke aiki dare da rana: yana shan yunit 12,000 a kullum. In farfelarsa ta cinye har kashi 5 cikin 100 na aikinsa ya tafi a banza, yunit 600 ke nan ake biya kowace rana ba a ga ruwansu ba. Matsalar ta fi zama a tsarin kasafi. Sabon inji yana zuwa da kwangila da bikin ƙaddamarwa, kuma bashi na samuwa dominsa. Kaduna na cikin jihohin da shirin Bankin Duniya na 2004 na gyara harkar ruwan birane ya shafa. Giris da boris kuwa suna ƙarƙashin kuɗin yau da kullum, wanda shi ake fara yankewa. Ta haka ake fara cire kayan injin ajiya a sa wa mai aiki, har a wayi gari babu ajiyar. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle kayan da sai an yi odarsu daga ƙasar waje da dala, a jira watanni.

Na uku kuma shi ne wuta, kuma shi ne mafi ƙarfi. Gaskiya ne inji mafi lafiya ba ya tura ko ɗigo in babu lantarki. Amma rashin tsayayyar wuta ƙarin dalili ne na kulawa. Idan aka ɗauke wuta kwatsam, ruwan da ke cikin bututu yakan dawo da baya ya doki bawul, bugun ya girgiza injin da gindinsa. Idan aka kawo, moton da ake tayarwa kai tsaye yakan ja wajen ninki shida na wutar da ya saba. Idan layi ɗaya cikin uku ya faɗi moton ya ci gaba da juyawa, kwayil na iya ƙonewa cikin mintoci. Akwai ƙananan na'urorin kariya da ke kashe moto in haka ta faru, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sake naɗa kwayil ba, amma sai an riƙa gwada su, kuma sai an hana ma'aikaci tsallake su da guntuwar waya don inji ya tashi da sauri.

Masu iya aikin kuma ba sai an je nesa ba. A kan Titin Mando akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979 don horar da ma'aikatan ruwa. A Tudun Wada akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kusa da ita ga Tsohuwar Panteka, inda maƙera da masu walda ke ƙera kayan ƙarfe iri-iri. Abin da ya kamata a ɗora a kan wannan shi ne tsari: kowane inji da littafinsa, kowane awo da sa hannun wanda ya yi shi, injiniyan wurin kuma yana da ɗan kuɗin da zai iya kashewa a kan boris ba sai takarda ta zaga ofis-ofis ba. Majalisar dokokin jiha, in ta zo duba kasafin hukumar ruwa, tana da damar tambayar injina nawa ke aiki, nawa ke ajiye da lafiya, da nawa aka ware aka kuma saki don kula da su. Duk kwangilar sabon inji ta haɗa da kayan gyara na wasu shekaru da horar da masu riƙe shi. Mai otal, mai gidan ruwan leda da kwamitin masallacin da ke da burtsatse su ma ƙa'idar ta hau kansu daidai gwargwado. Mu kuma masu shan ruwan, biyan kuɗinsa shi ke ba mu bakin neman a nuna mana waɗannan alƙaluma duk shekara.