Arahar Bayan Gari: Ma'aunan Zaɓen Unguwar Mallakar Gida a Kewayen Birnin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalar da ke fuskantar mai matsakaicin ƙarfi idan ya ƙudurci mallakar muhalli a Kano, inda tsadar fili ke tura shi zuwa sababbin unguwannin da ke kewaye da birnin. Maƙalar ta nuna cewa arahar kowace unguwa farashin wani rashi ne da ke tattare da ita, kuma abin da ya kamata mai saye ya tantance shi ne ko rashin na cikin waɗanda lokaci ke magancewa ne, ko na cikin waɗanda lokaci ke ƙara tsanantawa.

1.0 Gabatarwa

Bakano ya daɗe da raba garinsa gida biyu, wato cikin gari da waje. Iyakar ita ce badala, wadda tarihi ya danganta fara gininta ga Sarki Gijimasu (1095–1134). Zuwan jirgin ƙasa a 1911 da kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka su suka ba wa wajen nauyin da bai taɓa samu ba. A yau kuwa wajen na jiya shi ma ya zama tsakiya. Birnin ya mamaye ƙananan hukumomi takwas, wato Birni da Dala da Fagge da Gwale da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, ya kuma fara cin gonakin Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa da Tofa. Kalmar da ake amfani da ita ga waɗannan sababbin wurare ita ce bayan gari, ko gefen gari, ko kuma sabuwar unguwa.

Sunayen unguwannin ma suna ba da labarin asalinsu. Ɗorayi da Kurna da Rimin Gata da Rimin Kebe sunayen itatuwa ne, Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo suna nuni ga mashaya, Gandun Albasa kuma gona ce. Kowanensu bayan gari ne a wani zamani, kuma wanda ya sayi fuloti a can lokacin an yi masa dariyar ya koma daji. Wannan tarihi ne ke ƙarfafa wa mai saye na yau guiwa, domin yana ganin gari zai tarar da shi kamar yadda ya tarar da na gabansa. Gaskiya ne gari zai zo. Sai dai ba kowace unguwa ce zuwan gari ya zame mata alheri ba, kuma wannan shi ne batun da maƙalar za ta bi.

2.0 Hanya da Nisa

Kano tana faɗaɗa ne ta bin manyan titunan da suka fita daga cikinta. Titin Zariya ya ɗauki Na'ibawa zuwa Ɗangwauro, titin Maiduguri ya ɗauki Hotoro da Mariri, titin Haɗeja ya bi ta Yankaba zuwa Gunduwawa da Jogana, titin Katsina ya bi ta Kurna da Bachirawa zuwa Dawanau, titin Gwarzo ya bi ta Kabuga da Rijiyar Zaki da Ɗanbare zuwa Janguza, sai kuma ɓangaren Sharaɗa da Ja'en da Panshekara da Zawaciki. Kowane ɓangare yana da abin da ke jan mutane zuwa gare shi: sabon mazaunin Jami'ar Bayero a titin Gwarzo, kasuwar hatsi ta Dawanau a titin Katsina, masana'antun Sharaɗa da Challawa da tashar tsandauri ta Zawaciki da aka buɗe a 2023 a kudu maso yamma.

Abin da wannan tsari ke nufi ga mai saye shi ne, nisa ba a auna shi daga tsakiyar gari, ana auna shi ne daga wurin neman abincin mutum. Malamin da ke koyarwa a sabon mazaunin jami'a, Janguza kusa take a wurinsa, Mariri kuwa wata duniya ce, ko da fulotin can ya fi sauƙi, domin sai ya keta gari ko ya zagaya ta titin kewaye safe da yamma. A ƙaddara sabon gida ya ƙara wa mutum minti 45 a tafiya, 45 a dawowa. A mako 48 na aiki, kwana biyar-biyar, ya ba hanya awa 360 ke nan, daidai da ranakun aiki 45 masu awa takwas-takwas. Ga kuma kuɗin abin hawa. Tun da aka hana acaɓa a birnin a farkon 2013, mafi yawan jama'a sun dogara ne ga Adaidaita Sahu, kuma cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya sauya lissafin duk wanda ya sayi gida mai nisa bisa tsohon farashi. Gidan da sai an hau abin hawa biyu kafin a isa, hawa huɗu ne a rana ga mutum ɗaya, kafin a lissafa 'yan makaranta.

Akwai wani nisan da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, wato nisan zumunci. Biki da suna da gaisuwar rasuwa galibi suna can unguwar iyaye. Matar da ke sana'a a cikin gida kuwa, ko ɗinki ko sayar da abinci ko kayan ɗaki, jarinta na gaskiya su ne maƙwabtan da suka saba da ita, kuma ba a tashi da su a motar kaya. Magidanta da dama sun kammala gini sun tare, daga baya suka zuba 'yan haya suka koma gidan gado saboda wannan dalili kaɗai.

3.0 Awon Gwamnati da Awon Igiya

Nan ne zuciyar lamarin take. Filayen kewayen Kano iri biyu ne a bakin dillalai: awon gwamnati da awon igiya. Na farko shi ne wanda hukuma ta tsara, ta fitar da tituna da magudanan ruwa, ta ware wurin makaranta da asibiti da kasuwa, ta ba kowane fuloti lamba. Na biyu shi ne gonar da mai ita ko magadansa suka yanyanka da taimakon dillali, da igiya ko da tef, suka sayar bisa shaidar mai unguwa ko dagaci. Kalmar kanta ta cancanci kulawar masu nazarin harshe, domin ta ɗauki sunan kayan awo ta mayar da shi sunan wani tsarin mallaka sukutum, har ma da irin rayuwar da ke biyo bayansa. Idan aka ce unguwa awon igiya ce, mai sauraro ya riga ya hango faɗin lungunta.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda a Arewa ta ɗora a kan dokar 1962 da ta 1910 da suka gabace ta, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa shi ne haƙƙin zama, wanda takardar shaidar mallaka kan ƙayyade shi da shekara 99 ga gidan zama. Sashe na 22 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da irin wannan haƙƙi, sashe na 28 ya ba shi ikon soke shi domin amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya rataya diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka, ba a kan tsurar ƙasa ba. Saboda haka wanda ya sayi awon igiya ya ajiye, sannan titi ko wani aikin gwamnati ya biyo ta kansa, abin da zai kama kaɗan ne.

Ba daidai ba ne a ɗauki awon igiya a matsayin aikin 'yan damfara. Ya bunƙasa ne domin tsararrun fulotai ba su taɓa isar masu nema ba, tun daga tsarin raya birnin na shekara ashirin da ya fara a 1963 har zuwa rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015, waɗanda farashinsu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Manomi ma yana da nasa lissafin, domin yana ganin gara ya yanka gonarsa da kansa kafin hukuma ta iso. Da babu awon igiya, da dubban magidantan da ke kwana a ɗakin kansu a yau suna gidan haya. Illarsa tana wuri guda: mai yanka ba ya samun ko sisi daga titi, don haka yana matse shi gwargwadon iko, ba ya kuma barin filin makaranta ko maƙabarta sai in wani mai hali ya saya ya yi waƙafi.

A nan ne bambancin rashi biyu ke fitowa. Unguwar da ba ta da kwalta ko wutar lantarki ko makarantar kirki, amma an bar mata titi mai faɗi, rashinta na ɗan lokaci ne, domin idan jama'a suka taru, turakun wuta da kwalta da masu makarantu za su biyo su. Unguwar da lungunta bai wuce a gifta da amalanke ba kuwa, taruwar jama'a ƙara mata cuta take yi. Ba wurin haƙa kwata, motar kashe gobara ba ta shiga, mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa bakin titi, ranar da aka tashi gyara kuma sai an yi rusau. A ganin wannan maƙala, fuloti mai nisa a tsararriyar unguwa ya fi na kusa a matsattsen lungu, muddin hanyar wurin aiki ba ta gagara ba.

Wanda ƙarfinsa bai wuce awon igiya ba, akwai abin da zai rage masa haɗari. Ya auna titin gaban filin da ƙafarsa, ya bi shi har inda ya haɗu da babbar hanya, domin akwai layin da ke farawa da faɗi ya ƙare a bangon wani. Ya bincika a Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano da ofishin kula da filaye ko wurin ya faɗa cikin wani tsari, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko kan hanyar da aka tanada. Ya kuma bi salsalar filin. Idan gado ne, ya ga takardar rabon gado daga kotu, domin sayen kason magaji ɗaya a gadon da ba a raba ba yana buɗe ƙofar shufa'a, wato haƙƙin da mazhabar Malikiyya ta ba abokin tarayya na ya biya kuɗin ya karɓe kason daga hannun baƙo. Dillali mai amfani ne, ya san gari, amma la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, don haka shaidarsa ba ta wadatar. Sayen fili ta hoton waya, kamar yadda mazauna wasu garuruwa kan yi, cinikin biri a sama ne.

4.0 Ruwa: Na Sha da Na Sama

Ruwan famfo daga Challawa da Tamburawa da Watari bai wadaci tsoffin unguwanni ba, balle sababbi. Mazaunin bayan gari yana rayuwa ne da rijiya ko burtsatse ko 'yan garuwa. Ƙarƙashin ƙasar mafi yawan Kano dutse ne, ruwan kuma yana taruwa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, shi ya sa wani gida kan samu ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. Hanya mafi sauƙi ta sanin halin unguwa ita ce a leƙa rijiyoyinta a watan Afrilu, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, a kuma tambayi 'yan garuwa nawa suke sayar da jarka da inda suke ɗebowa. A ƙananan fulotai akwai ƙarin damuwa, domin shaddar wani gida kan kasance taku kaɗan daga rijiyar na kusa da shi. A yankunan da ke maƙwabtaka da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa, da waɗanda ke bin rafin Jakara, ingancin ruwan abin tambaya ne ko da yana da yawa.

Ruwan sama kuma nasa gwajin a watan Agusta yake. Dillalai sun fi son kai mai saye da rani, lokacin da fadama da tudu duk kamarsu ɗaya. Filin da ya fi na kewayensa araha ba tare da wani dalili bayyananne ba, sau da yawa tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, ko hanyar ruwa ce da gine-gine suka toshe. Alamunsa ba su ɓuya: gishiri-gishiri da damshi a gindin katangar maƙwabta, dakalin ƙofa da aka ɗaga fiye da kima, buhunan yashi a bakin zaure. Tsofaffin wurin, waɗanda suka noma shi kafin a yanka, sun san inda ruwa ke kwanciya, kuma sukan faɗa idan an tambaye su cikin ladabi ba a gaban dillali ba. Wannan rashi ma yana cikin masu tsananta, domin kowane sabon rufin kwano da daɓen siminti yana rage ƙasar da ke shanye ruwa, ya tura shi ga wanda ke kwari.

5.0 Gida Ginanne ko Fili

Mafi yawan masu ƙaramin ƙarfi fili suke saye, su kewaye, su yi ɗaki biyu su tare, sauran a ci gaba da shi a hankali. Dalili shi ne rancen gida bai samu karɓuwa ba. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, amma bashinsa yana da kuɗin ruwa, abin da Musulmi da yawa ke gudu, kuma yana buƙatar takardar mallaka da za a jinginar, wadda mai awon igiya ba shi da ita. Bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun kawar da matsala ta farko, amma su ma suna neman takarda. Ke nan rashin takarda yana rufe ƙofar rance ga mai gidan, yana kuma rage masu iya sayensa ranar da ya tashi sayarwa.

Ginannen gida a sabuwar unguwa yana da nasa abin lura, musamman wanda aka gina domin sayarwa. Fenti da tayil da silin roba suna rufe bulon da aka buga da ƙarancin siminti da harsashin da bai nutsa ba. Kuɗin da za a ba ƙwararren magini ko injiniya ya duba ginin kafin a biya bai kai kuɗin gyaran katanga ɗaya ba. Gidan da ya ga damina uku ko huɗu ya fi sabo fil saukin hukunci, domin duk tsagewar da zai yi ta riga ta bayyana, kuma maƙwabta sun ga yadda aka gina shi tun daga tushe.