Kwamfuta da Intanet a Cikin Aji: Ta Ina Makarantunmu Za Su Fara?

'Yan'uwa, yawancin ikilisiyoyinmu suna da makarantar firamare ko sakandare, kuma a kusan kowane taron iyaye da malamai maganar kwamfuta takan taso. Wasu iyaye suna so a saya yau yau. Wasu kuwa suna tsoro kada waya ta lalatar da yara. Kowane ɓangare yana da dalilinsa, saboda haka bari mu dubi batun a natse.

Dalilin da ya sa ba za mu kauce ba

Tun shekara ta 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta. A 2024 hukumar WAEC ma ta fara gwada wannan hanya da masu zana jarrabawa daga waje. Yaron da ya san lissafi sarai, amma bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, zai ɓata lokacinsa yana neman inda zai danna. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Maris na 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda cutar korona. Yaran da suke da waya da data a gida sun ci gaba da karatu, wasu sun bi darussan rediyo, da yawa kuwa sun yi watanni ba su buɗe littafi ba.

Na'ura kaɗai ba ta koyarwa

Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin ba kowane yaro kwamfutarsa. A 2012 aka fitar da sakamakon bincike a makarantu 319 na karkara. Yaran sun iya amfani da na'urar, amma makinsu a lissafi da karatu bai ƙaru ba. An kawo kaya, amma yadda ake koyar da darasi bai canja ba. Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha a harkar ilimi shi ma ya yi gargaɗi cewa a yi amfani da na'ura inda take taimakon koyo kawai, kuma kada ta maye gurbin malami.

Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, kafin a tambayi farashin kwamfuta, a fara tambayar malami: wane darasi ne yake ba ɗalibanka wuya, wanda allo da alli suka kasa bayyana shi?

Yadda darasi ɗaya zai kasance

A ce malama tana koyar da yadda dare da rana suke faruwa. Zane a allo ba ya juyawa, amma bidiyon minti uku zai nuna duniya tana juyawa a gaban rana. Tun da daddare malamar za ta sauke bidiyon a wayarta, ta kalle shi har ƙarshe. A aji, kafin ta kunna, sai ta rubuta tambaya ɗaya a allo: ina rana take zuwa da dare? Yara su faɗi tunaninsu. Sa'an nan ta nuna bidiyon, tana tsayar da shi tana fassarawa da Hausa ko harshen garin. Bayan haka ta kashe waya, ta ɗauko lemo da tocila, wani yaro ya fito ya nuna wa 'yan'uwansa abin da ya gane. A ƙarshe kowa ya rubuta amsa a littafinsa. Cikin darasin minti 40, wayar ta yi aikin minti biyar ne kawai, sauran duk aikin malama ne.

Kayan da ake samu kyauta

Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport a 2022, inda akwai darussa bisa manhajar karatun Najeriya, har da na Hausa. Kolibri manhaja ce da aka yi domin wuraren da babu intanet: a sauke darussa sau ɗaya a kwamfuta guda, sauran na'urorin makaranta su riƙa ɗauka daga gare ta. Kiwix yana ba da damar karanta Wikipedia ba tare da data ba. PhET, na Jami'ar Kolorado a Amurka, yana barin ɗalibi ya haɗa batir da waya da ƙwan lantarki a kan allon kwamfuta, abin da zai taimaki makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Ga ƙananan yara kuma, African Storybook yana da gajerun littattafai masu hotuna da Hausa.

Abin da za a lissafa kafin a kashe kuɗi

Na farko wuta. Kwamfuta 20 ba tare da sola ko janareta mai mai a ciki ba za su zama kayan ado. Na biyu ƙura da zafi, musamman lokacin hunturu da bazara, domin haka ana bukatar rufi da ɗaki mai iska. Na uku tsaro da mai gyara. Na huɗu, wanda aka fi mantawa, lokacin horar da malamai. Gara makaranta ta fara da kwamfuta ɗaya, da majigi, da ƙaramar sola, da malamai biyu da suka ƙware, a kan ɗaki cike da na'urori a kulle. Cikin matasanmu akwai waɗanda suka karanta ilimin kwamfuta, kuma da yawansu za su ba da Asabar ɗaya a wata idan aka roƙe su.

Kiyaye yara

Kada a bar yaro shi kaɗai da intanet a buɗe. Allon na'ura ya fuskanci inda malami zai gani. Dandalin WhatsApp na aji ya zama na iyaye ne, malami kuma kada ya riƙa aika wa ɗalibi saƙo a keɓe. Kada a saka hoton yaro a Facebook sai da izinin iyayensa. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ɗalibi yana iya kawo aikin gida da ba shi ya yi ba. Maganin wannan mai sauƙi ne: a sa shi ya bayyana amsarsa da bakinsa a gaban aji. A kuma tuna da yaran da babu babbar waya a gidansu, kada a ba da aikin da sai mai data zai iya yi.

Muna ba hukumar kowace makaranta shawara ta zaɓi darasi ɗaya da aji ɗaya a zangon karatu mai zuwa. A gwada yaran a farkon zango, a sake gwada su a ƙarshe, a kawo sakamakon gaban iyaye. Idan an ga ci gaba, a ƙara aji na biyu. Idan ba a gani ba, a zauna da malamin a gyara hanyar koyarwa kafin a sake fitar da ko kwabo.