Alawus Na Gida Da Kuɗin Haya: Lissafin Da Ke Jiran Mai Zuwa Aiki Landan

Daga Wakilinmu

A 'yan shekarun nan ma'aikatanmu da dama, musamman likitoci da masu jinya da malaman jami'a, sun sami aiki a Ingila. In takardar ɗaukar aiki ta iso, abin da mutum ya kan fara yi shi ne ya ɗauki alƙalami ya juya albashin daga fam zuwa naira, ya ga lambobi sun cika takarda, gida ya ɗauki murna. To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Akwai wani lissafi da ya kamata a yi tun ba a sayi tikiti ba, watau na wurin kwana.

Da farko dai, kada ma'aikaci ya tafi da tunanin irin gidan gwamnati da aka saba da shi a nan. Ko mu ma, tun 2003 Gwamnatin Tarayya ta soma mai da gida da mota su zama kuɗi a cikin albashi. A Ingila kuwa yawancin masu ba da aiki ba su da wani abu mai suna alawus na gida. Hukumar asibitocin gwamnati, NHS, ƙarin tsadar zama ta kan ba masu jinya da takwarorinsu: kashi 20 cikin ɗari na albashi ga mai aiki a tsakiyar Landan, kashi 15 a unguwannin gefe, kashi 5 a garuruwan kewaye, kowanne kuwa da iyakar da ba ya wucewa.

Ko da an rubuta wa mutum alawus, sai ya tambaya: kafin haraji ne, ko bayansa? Kuɗin da aka ba ma'aikaci a hannu, ko wane suna aka laƙaba masa, albashi ne a idon masu haraji. Matsakaicin ma'aikaci kashi 20 a kan cire masa, ga kuma kashi 8 na inshorar ƙasa tun daga Afrilun 2024. Ke nan alawus na fam 1,000 fam 720 ne zai shiga aljihu, ba a ma taɓa zancen fansho ba. Abin da haraji ya ɗaga wa ƙafa shi ne kuɗin ƙaura, kamar na dakon kaya da masaukin wucin gadi, har zuwa fam 8,000, in mai ba da aikin ne ya biya. Wannan ya cancanci a yi ciniki a kansa tun kafin a sa hannu.

Sai ita hayar kanta. A Kano ko Kaduna mun saba da biyan shekara guda a dunƙule, mutum ya huta sai baɗi. Can wata-wata a ke biya, amma sau da yawa dillalai da kuɗin mako su ke tallar gida, nan ne kuwa baƙo kan yi tuntuɓe. Alal misali, a ce gida fam 300 ne a mako. Mutum sai ya ninka sau huɗu ya ce 1,200 ne a wata. Ba haka ba ne. Sau 52 a ke ninkawa a raba 12, sai ya tashi fam 1,300. Wannan ɗari ɗaya da ta ɓuya, a shekara ta zama fam 1,200.

Kafin a miƙa mabuɗi akwai kuɗin ajiya, wanda mai gida ke riƙewa saboda ɓarna. Dokar 2019 ta ƙayyade shi ga hayar mako biyar in hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, ta kuma hana dillalai karɓar galibin kamashon da su kan karɓa daga ɗan haya a dā. Tilas ne kuma mai gida ya sa ajiyar ƙarƙashin kariyar wata hukuma da gwamnati ta amince da ita cikin kwana 30. A misalinmu, ajiya fam 1,500 ce, hayar watan farko 1,300, jimla 2,800. Duk wannan kuwa kafin albashin farko ya fito, domin sai ƙarshen wata a ke biya.

Samun kuɗin ma bai isa ba. Tun Fabrairun 2016 doka ta ɗora wa masu gidaje a Ingila duba takardun izinin zama na kowane ɗan haya. Dillalai kuma su kan so albashin mutum na shekara ya kai ninki talatin na hayar wata, watau fam 39,000 ga gidan nan namu. Baƙon da ba shi da tarihin banki a ƙasar, sai a ce ya kawo mai tsaya masa, mazaunin can. Da, in ya rasa, a kan nemi ya zube hayar wata shida gaba ɗaya. Sabuwar dokar 'yan haya da aka zartas a Oktoban 2025, wadda aka sa 1 ga Mayu 2026 ranar soma aikinta, ta hana neman fiye da wata ɗaya. Sauƙi ne babba, amma a ganina zai ƙara wa mai tsayawa daraja, tun da an toshe hanyar da baƙo ke rufe bakin mai gida da ita. Wasiƙa daga wurin aiki mai nuna albashi da tsawon kwantiragi ta fi akwatin tufafi amfani a makon farko.

Bayan an tare, ga harajin majalisar gari, wanda dattawanmu za su iya kwatanta shi da na En'e, sai dai shi a kan gida a ke aza shi, mazauni ne kuma ke biya, ba mai gida ba. An kasa gidaje aji takwas, daga A zuwa H, bisa darajarsu ta 1991. Wanda ke zaune shi kaɗai a kan rage masa kashi 25, gidan da duk mazaunansa cikakkun ɗalibai ne kuwa an yafe masa. Ga wuta, ga ruwa, ga gas na ɗumama ɗaki, wanda daga Nuwamba zuwa Maris ba ado ba ne. Ɗan Katsina da ke alfahari ya san hunturu zai sake shawara.

Wasu kan guje wa tsadar tsakiyar birni su koma can baya. Dabara ce mai kyau, in an haɗa da kuɗin jirgin ƙasa, domin an yanka Landan shiyya-shiyya, iyakar nisanka iyakar abin da za ka biya kullum. Mai iyali kuma ya sani ɗaki ɗaya a gidan haɗaka ba zai ɗauke su ba, akwai dokar hana cunkoso. Saboda haka ya fi kyau maigida ya riga zuwa, ya nemi masaukin ma'aikata in wurin aikinsa na da shi, ya karɓi albashin wata biyu ko uku ya ga abin da ke saura a hannu, sa'an nan ya aika a taho da uwargida da yara.