Sau Ashirin Fim Ɗaya: Yadda Aka Yi Zamanin Silima

A shirin makon jiya mun sa muku muryar wani dattijo da ya aiko mana da saƙo daga Libreville, babban birnin Gabon. Ya ce ya fi shekara 30 yana sayar da yadi a kasuwar Mont-Bouët, amma har yau in yana ƙirga ciniki sai ya ji bakinsa na rera waƙar fim ɗin Mother India. A cewarsa, ya kalli wannan fim fiye da sau 20 a silimomin Kano yana saurayi, alhali ko kalma ɗaya ba ya ji ta Indiyanci. Muna rufe shiri matasa suka yi ta bugo waya, wai Baba ya ƙara gishiri. Ni ma ban riski zamanin ba, don haka na zauna da manya, na kuma duba abin da aka rubuta. Ga abin da na samo maka, kai da ke ruga ko kake jiran a buɗe iyaka.

Kafin a gina silima, majigi mutanenmu suka fara sani. Turawan mulki kan zo da mota su kafa farin ƙyalle a filin gari da daddare, su nuna fim kan noma ko tsafta, kyauta. Tsofaffi na tuna Baban Larai, wanda aka yi don koyar da manoma. Wasu ma dodon bango suke kiran abin, saboda mamakin ganin mutum yana motsi a jikin bango.

Silimar biyan kuɗi kuwa 'yan kasuwa Kwarori, mutanen Labanan, su suka kawo ta. An buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa. A watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauki abin a matsayin ishara. Shi ya sa da aka buɗe Palace a Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950, rigima ta tashi, don ita ce ta farko a cikin birni. Malamai sun ƙi, har jifan masu shiga an yi. Duk da haka daga baya aka samu Plaza da Wapa a Fagge, Orion a Ƙofar Wambai, ga Eldorado, ga Marhaba.

To yaya wurin yake? Yawancinsu fili ne a kewaye da doguwar katanga, babu rufi, sai kujeru da benci da ƙaton bango fari. Dole a jira duhu kafin a kunna na'ura. Mai ƙaramin kuɗi ya zauna gaba, mai hali ya zauna baya. A ƙofa ga mai tsire, ga mai rake, ga mai shayi. Fim ɗin a faifai yake zuwa, a nannaɗe, idan ya tsinke a tsakiya sai ihu da fito su kaure har mai na'ura ya haɗa. Kusan duk maza ne. Matar aure ko budurwar gidan mutunci ba ta zuwa, kuma yaron da aka ce ɗan silima ne ya san akwai bulala a gida.

Ana nuna fim ɗin kaboyi na Amurka, daga baya na Sin masu faɗa, amma daren Indiya shi ne daren cika. Me ya sa? Ka duba labarin Mother India, wanda Mehboob Khan ya fitar a 1957, Nargis ta fito a matsayin uwar. Mace ce a ƙauye, an ci bashin mai ba da kuɗi da ruwa don a yi bikinta. Bashin ya cinye amfanin gona, ya cinye shanun huɗa. Mijin ya rasa hannuwansa, kunya ta sa ya bar gida, ambaliya ta zo, ita kaɗai ta rene 'ya'yanta. A ƙarshe da hannunta ta harbe ɗanta don ya ɗauke 'yar mutane. Ɗan uwa makiyayi, in ka taɓa ganin an ja sa daga garke saboda bashi, sai wani ya fassara maka wannan? Kai ma ɗan kasuwa, ka san yadda bashi ke hana barci. Ga kunya, ga biyayya ga iyaye, ga auren dole, ga mata a lulluɓe, ga maza da rawani. Mutanenmu sun ga rayuwar da ta yi kama da tasu.

Sai kuma waƙa. Fim ɗaya yakan kai awa uku da waƙoƙi shida ko fiye, kuma masu silima kan dawo da tsohon faifai duk lokacin da suka ga dama, tunda ya riga ya biya kuɗinsa. Idan ka ga fim sau biyar ka haddace shi. Daga nan ba labarin kake zuwa gani ba, kana zuwa ne a yi tare. Waƙa na farawa ɗaruruwan mutane su ɗauka, jarumi bai buɗe baki ba an riga an faɗi abin da zai ce. Haka aka yi da Sholay na 1975 da Disco Dancer na 1982. Har laƙabin Hausa aka raɗa wa jarumai, Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi. Ka ga sau 20 ɗin Baba ba ƙarya ba ne.

Karin waƙoƙin bai tsaya a silima ba. Masu bandiri a Kano sun ɗauki karin Indiya suka ɗora yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, ba a daɗe ba rawa da waƙa suka zama ginshiƙinsa, musamman bayan Sangaya. Duk wanda ke kallon Kannywood yau jikan wancan daren Indiya yake kallo.

Abin da ya karya silima shi ne kaset ɗin bidiyo, wanda ya kai fim har cikin ɗaki, matan da aka hana fita suka samu nasu rabon. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000 aka kafa hukumar tace finafinai a 2001, dokoki suka ƙaru. Sai faifan CD, sai waya. Palace ta zama asibiti, wasu sun koma shaguna. Yanzu da kuɗi kaɗan mai tura finafinai a bakin tasha zai cika maka memori da Indiya Hausa, ka kalla kana kiwo.

An samu sauƙi, wannan gaskiya ne, kuma ba ma cewa duk abin da aka yi a silima alheri ne, don an sha wiwi, an yi sane, an yi faɗa. Amma wanda ya san kuɗin tikiti, da ranar da ake nuna Indiya, da sunan mai na'ura, yau ya tsufa. In ya tafi da abin a cikinsa shi ke nan. Saboda haka ga roƙonmu. Idan akwai dattijo a rugarku ko a rumfarku da ya yi zamanin, a Kano ne, a Maradi, a Damagaram, a Garwa ko a Libreville, ka zauna da shi bayan sallar isha'i, ka nemi izininsa, ka naɗi muryarsa a waya. Ka tambaye shi sunan silimar, unguwar da take, fim ɗin da ya fi so, da abin da aka gina a wurin yanzu. Ka turo mana, za mu sa a shiri mai zuwa in Allah ya kai mu.

Baba na Mont-Bouët, mun gode, Allah ya ƙara lafiya da kasuwa. Matasan da suka musa, ku kira ku ba shi haƙuri.