Sojojin waje da abin da suke bari a baya: lissafin da ya iso Ngong da Garwa

A ƙarshen watan Janairun 2025 sojojin Faransa suka miƙa wa gwamnatin Chadi sansaninsu na ƙarshe a Njamena, wata biyu bayan Chadi ta soke yarjejeniyar tsaro da ke tsakaninsu. Kafin nan sun fice daga Mali a 2022, sun bar Burkina Faso da Nijar a 2023, Amurka ma ta kwashe nata daga Agadez a 2024. Wannan ya farfaɗo da tsohuwar muhawara a arewacin Kamaru. Wasu na cewa Allah ya raka taki gona, tunda zaman sojojin waje bai hana 'yan bindiga yaɗuwa ba. Wasu kuma na fargabar cewa giɓin da aka bari masu ɗauke da makamai ne za su cike shi.

Ɓangarorin biyu sun fi auna lamarin da ranar da sojoji suka iso ko ranar da suka tafi. Tarihin wannan yanki kuwa ya nuna cewa sakamakon yakan bayyana ne bayan shekaru, kuma sau da yawa a wurin da babu wanda ya yi niyyar taɓawa.

Ngong misali ne. Garin yana kimanin kilomita 40 kudu da Garwa, a kan babbar hanyar Ngaundere, shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Tcheboa a yankin Binuwai. An san shi da kasuwar shanu da ta masara da gyaɗa, kuma da yawa daga cikin manomansa sun gangaro ne daga jihar Arewa Mai Nisa tun shekarun 1970 da 1980 don neman ƙasar noma. Ba a taɓa girke rundunar wata ƙasa a Ngong ba. Duk da haka makiyayin da ya kawo shanunsa kasuwa don ya haɗa kuɗin fansar ɗansa yana biyan bashin yaƙe-yaƙen da aka yi a wasu ƙasashe.

Yaƙin da aka fi mantawa da shi

Idan ana maganar katsalandan, Libiya ce ke fara zuwa bakin mutane. Amma ga makiyayan Binuwai da Mayo-Rey da Adamawa, abin da ya faru a Bangui shekara takwas kafin nan ya fi kusa da su.

Shugaban Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya na lokacin, Ange-Félix Patassé, bai yarda da sojojin ƙasarsa ba. A 2001 dakarun Libiya ne suka taimaka masa ya tsallake yunƙurin juyin mulki. A 2002 ya gayyato mayaƙan Jean-Pierre Bemba daga Kwango, waɗanda kisa da fyaɗen da aka zarge su da aikatawa suka kai maganar har Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. Abokin hamayyarsa, Janar François Bozizé, shi ma waje ya nemi ƙarfi: ya samu mafaka a Chadi, ya tara mayaƙa da yawansu 'yan Chadi ne, bisa alkawarin za a biya su idan an ci nasara. Ranar 15 ga Maris 2003, Patassé na hanyar dawowa daga taro a Yamai, suka kama Bangui. Jirginsa a Yawunde ya sauka.

An kira waɗannan mayaƙa “libérateurs”, wato masu 'yantarwa. Sai dai alkawarin bai cika yadda suka zata ba. A watan Afrilun 2004 rikici ya ɓarke tsakaninsu da dakarun gwamnati a Bangui kan batun kuɗi, daga bisani aka sallame su aka kai su kan iyakar Chadi. Mutum ne da ya iya harbi, ya san daji, ba shi da gona ba shi da albashi. Rahotannin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam, ciki har da na Human Rights Watch na 2007, sun nuna cewa wasunsu sun shiga cikin gungun 'yan fashin da ake kira zargina, waɗanda a Faransanci ake ce wa coupeurs de route.

Tare hanya ba sabon abu ba ne a nan. Tun shekarun 1980 da 1990 bindigogin yaƙin basasar Chadi, yaƙin da Libiya da Faransa suka tsoma hannu a cikinsa, suke tsallakowa Kamaru. Masanin tarihi Saïbou Issa na Jami'ar Marwa ya yi dogon nazari a kan wannan fashi na kan iyakoki. Abin da ya sauya bayan 2003 shi ne salon aikin. Maimakon tare motocin 'yan kasuwa kawai, inda ake iya gamuwa da rakiyar sojoji, sai aka koma ɗauke 'ya'yan Fulani Mbororo daga ruga. Lissafin mai sauƙi ne: ɓarawo ba sai ya kora garke ya nemi mai saye ba, uban yaron da kansa zai kai shanun kasuwa ya kawo kuɗi a hannu. Daga wajajen 2005 dubban iyalan makiyaya suka tsere daga Afirka ta Tsakiya zuwa gabashin Kamaru da Adamawa, masu garkuwa kuma suka bi sawunsu. An gudu ba a tsira ba.

Sana'ar ta daɗe da fin ƙarfin waɗanda suka fara ta. Yau a cikin masu garkuwa da mutane a jihar Arewa akwai 'yan gida, akwai masu tsegunta musu wanda ya sayar da bijimi ko ya karɓi kuɗin auduga. Bozizé kansa ya faɗi a Maris 2013 a hannun ƙawancen Seleka, wanda shi ma yake cike da mayaƙa daga Chadi da Sudan. Faransa ta turo rundunar Sangaris a Disamban wannan shekarar, amma hakan bai hana korar dubun-dubatar Musulmi daga Bangui da yammacin ƙasar a 2014 ba, kuma Kamaru ce ta karɓi kaso mai yawa daga cikinsu.

Libiya: gaskiyar zargin da iyakarsa

Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya ba da izinin amfani da ƙarfi don kare fararen hula a Libiya. Akwai abin da ba a cika tunawa ba: ƙasashen Afirka uku da ke kwamitin a lokacin, Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, duk sun kaɗa ƙuri'ar amincewa. Hujjar ita ce ceton mutanen Benghazi. Bayan wata bakwai aka kashe Mu'ammar Gaddafi a Sirte, rumbunan makamansa suka zama babu mai gadi.

Mayaƙan Abzinawa da suka dawo gida da makamai sun tayar da tawaye a arewacin Mali a Janairun 2012, masu iƙirarin jihadi suka ƙwace ragama daga hannunsu, Faransa ta shiga da rundunar Serval ranar 11 ga Janairun 2013. Kwana 39 bayan haka, a ranar 19 ga Fabrairu, aka sace iyalin Moulin-Fournier, Faransawa bakwai, a kusa da Dabanga bayan sun ziyarci gandun dajin Waza. An sako su bayan wata biyu, amma harkar yawon buɗe ido a arewa ba ta farfaɗo ba. Masu otal da direbobi da masu sayar da kayan hannu a Marwa da Garwa su ne suka fara ɗanɗana kuɗarsa.

Marigayi Idriss Déby ya sha zargin ƙasashen NATO da cewa sun rusa Libiya sun tafi ba su tsaya gyara ba. Barack Obama ma ya amsa a 2016 cewa rashin shirin abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne kuskure mafi muni na mulkinsa.

Sai dai ɗora komai a kan Libiya hanya ce mai sauƙi ga gwamnatocin yankin su wanke kansu. Rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a Yulin 2009, inda aka kashe Mohammed Yusuf a hannun 'yan sanda, kusan shekara biyu kafin jirgin NATO ko ɗaya ya tashi. Kuma manyan makaman da ƙungiyar ta yi amfani da su a lokacin da take kan ganiyarta, da yawansu daga barikokin sojojin yankin ta ƙwato su, kamar yadda ya faru a Baga a Janairun 2015.

Taimakon da ya yi aiki, da farashinsa

Masu goyon bayan shigowar sojojin waje suna da hujja mai ƙarfi, kuma a Arewa Mai Nisa take. A farkon 2015 Boko Haram na riƙe da kusan duk garuruwan Najeriya da ke kan iyaka, tana kai hari Kolofata da Amchide da Fotokol yadda ta ga dama. Cikin watan Janairu, da amincewar Yawunde, ayarin motocin yaƙin Chadi ya tsallako ta Kuseri. A farkon Fabrairu suka ƙwato Gamboru. Babu mai musun cewa wannan ya karya lagon ƙungiyar a wannan gefen.

Washegari, 4 ga Fabrairu, mayaƙan suka tsallako Fotokol suka yi ramuwa a kan mutanen gari, suka kashe gommai, wasu a cikin masallaci. Da ƙungiyar ta rasa garuruwan da take riƙe da su sai ta koma harin ƙunar baƙin wake: Njamena a watan Yuni, Fotokol da Marwa a watan Yuli. Kasuwannin kan iyaka suka mutu, fataucin shanu da hatsi tsakanin Borno da Kamaru ya tsaya na tsawon shekaru, makiyaya da manoman da suka rasa wurin zama suka ƙara gangarowa kudu. A filayen Binuwai, inda dama gona da burtali da gandun daji suke gogayya, kowane sabon garke ƙarin matsi ne.

Jiragen Garwa

A watan Oktoban 2015 Obama ya sanar da majalisar dokokin Amurka cewa zai tura sojoji kusan 300 Kamaru, bisa gayyatar gwamnati. An girke su a sansanin sojin sama na Garwa da jirage marasa matuƙa, aikinsu leƙen asiri da miƙa bayanai ga dakarun da ke yaƙar Boko Haram. Ba su zo don fita fagen daga ba. Babban abokin aikinsu shi ne rundunar BIR, wadda aka kafa a 2001 don yaƙar 'yan zargina, ƙarƙashin kulawar wani tsohon kanar na Isra'ila, Avi Sivan. A jihar Arewa mutane da dama na yaba wa BIR saboda ita ta sa manyan hanyoyi suka biyu.

A Yulin 2017 Amnesty International ta fitar da rahoton mutum 101 da ta ce an azabtar da su a wuraren tsare mutane, musamman a sansanin BIR na Salak kusa da Marwa, inda ta ce ana ganin sojojin Amurka da na Faransa suna shiga da fita. Gwamnatin Kamaru ta musanta. Daga ƙarshen wannan shekarar aka fara tura dakarun BIR jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma masu magana da Ingilishi, inda wani sabon rikici ya kunno kai. A Fabrairun 2019 Amurka ta yanke wani ɓangare na taimakon sojin da take bayarwa saboda zargin take haƙƙi, daga farkon 2020 kuma ta cire Kamaru daga tsarin kasuwanci na AGOA.

Nan ma dai matsalar ɗaya ce da ta 2003, ko da yake siffarta ta bambanta. Wanda ya horar da soja ko ya ba shi mota mai sulke don wani yaƙi ba shi da iko a kan yaƙi na gaba da za a tura shi. A Afrilun 2022 ministan tsaron Kamaru, Joseph Beti Assomo, ya sanya hannu kan sabuwar yarjejeniyar soji da Rasha a Mosko, ƙasar da mayaƙanta na Wagner suke Afirka ta Tsakiya tun 2018.

Inda muhawarar ta tsaya yanzu

Masu cewa a bar wa Afirka tsaronta suna nuni da rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, mai hedikwata a Njamena, wadda sashenta na Kamaru yake Mora. Amma rundunar ta dogara sosai da kuɗin Tarayyar Turai, Chadi ta yi barazanar janyewa a ƙarshen 2024, Nijar kuwa ta sanar da ficewarta a Maris 2025. Sannan abin da ya faru a Bangui ya isa ya nuna cewa kasancewar soja maƙwabci ne, mai jin yaren mutane, ba ya hana ɓarna idan aka gama da shi aka watsar.

Tambayoyin da suka shafi Ngong ba su cika fitowa a cikin yarjejeniyoyin da ake sanya wa hannu ba, kuma ba kasafai ake bayyana wa jama'a abin da ke cikinsu ba. Wa zai biya mayaƙan ranar da aka daina buƙatarsu? Wa ke ƙirga bindigogin da aka raba? A wace kotu mutumin Fotokol ko na Touboro zai kai ƙara idan abin ya shafe shi? Yanzu haka yaƙin Sudan da ya fara a Afrilun 2023, wanda ƙasashen waje da dama ake zarginsu da rura shi da kuɗi da makamai, ya tura dubban ɗaruruwan mutane gabashin Chadi, kuma daga cikin masu yaƙi a can akwai matasan da aka ɗauko haya daga ƙasashen Sahel.